Kujerar Mai Horarwa a Gefen Tabarmar Kokawa

A ƙananan garuruwan jihar Iowa da ke tsakiyar Amurka, inda noman masara da waken soya suka zama ginshiƙin rayuwa, zauren motsa jiki na makarantar sakandare yakan zama dandalin gari idan hunturu ya kama, tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, lokacin da ake rufe kakar kokawa da babbar gasar jiha a birnin Des Moines. A irin wannan makaranta, da yammacin ranar karawa akan shimfiɗa tabarmar roba mai kauri wadda aka zana wa da'irar da faɗinta ya haura mita 8, iyaye da kakanni su cika benci, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da yawa cikin mazan da ke kallo sun taɓa kokawa a wannan zauren a zamanin ƙuruciyarsu, abin da ke sa kowa ya ɗauki kansa masanin doka.

Wannan kokawa ta sha bamban da ta ƙasar Hausa, wadda kaye ɗaya ke raba gardama, domin a nan kai abokin karawa ƙasa mafarin aiki ne kawai. Ana yin turmi uku na minti biyu-biyu, ana tara maki: uku ga wanda ya kayar kuma ya danne, ɗaya ga wanda ya kuɓuce, biyu ga na ƙasa idan ya juye ya koma sama. Wasa na ƙarewa nan take idan aka manna kafaɗun yaro biyu a tabarma na daƙiƙa biyu, ko kuma tazarar maki ta kai 15. A karawar makarantu biyu, kowace nasara tana ƙara wa makaranta maki tsakanin uku da shida gwargwadon ƙarfinta, kuma ana haɗa yara ne bisa ajin nauyi, daga kimanin kilo 48 zuwa kilo 129.

Dokokin da tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta Amurka, wato NFHS, take tsarawa sun sa ido a kan mai horarwa sosai, har ana iya cewa sun fi ɗaure babba a kan yaro. A ranar gasa, mutum biyu kacal aka yarda su zauna a kujerun kusurwar tabarma, kuma daga nan suna da damar ɗaga murya su ba yaronsu umarni, amma ba su da damar yi wa alƙalin wasa gardama. Idan mai horarwa yana ganin an yi kuskure, sai ya je teburin masu rubuta maki ya nemi ganawa, kuma a nan ne doka ta raba abubuwa biyu da 'yan kallo ke yawan cakuɗawa: kuskuren aiki da doka, wanda ake iya gyarawa, da kuma hukuncin ido, kamar ko kafaɗa ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba, wanda alƙali kaɗai ke da shi. Wanda ya ƙalubalanci hukuncin ido, ko ƙorafinsa ya tashi a banza, za a ja masa kunne a karon farko, a karo na biyu a cire wa makarantarsa maki ɗaya, a na uku a cire biyu sannan a fitar da babban mai horarwa daga zauren har ƙarshen yini, ko da mataimakinsa ne ya yi laifin. Zagi da wulaƙanci kuwa ba su da jan kunne, tun karon farko ake cire maki. Hikimar tsarin a fili take, domin tarar tana faɗawa ne kan makin da yara suka samo da guminsu, kuma a karawar da maki ɗaya ke iya raba makarantu biyu, mai horarwar da ya kasa riƙe bakinsa zai koma mota ɗaya da yaran da ya jawo wa asara.

Shi ma ɗan kokawa yana da nasa ladabin. Wajibi ne ya tsaya a tsakiyar da'ira bayan an tashi, ya yi musabaha da abokin karawarsa kafin alƙali ya ɗaga hannun wanda ya yi nasara, kuma jifa da hular kare kunne saboda fushi laifi ne mai tara. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne ga yaro ɗan shekara 15 da aka danne a gaban mahaifiyarsa, ba shi kuma da abokan wasa a fili da za su raba kunyar da shi kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Galibi kusurwa yake fara duba, kuma abin da ya gani a fuskar mai horarwa shi yake kwaikwaya.

Sai dai halin mai horarwa ya fi bayyana a ɗakin atisaye, inda babu alƙali, musamman a batun nauyi. An daɗe ana matsa wa yara su rage nauyi ta hanyar ƙin ci da sha da kuma sa tufafin roba don zubar da gumi, saboda su sauka zuwa ajin da makaranta ke da giɓi. Mutuwar ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa a ƙarshen shekarar 1997, dukkansu a ƙoƙarin rage nauyi, ita ta tilasta sauya tsari. A yau ana gwada yawan ruwa da kitsen jikin kowane ɗalibi kafin kaka ta fara, ba a yarda a sa namiji a ajin da zai kai kitsensa ƙasa da kashi 7 cikin ɗari ba, mace kuma kashi 12, sannan ragin nauyi ba zai wuce kashi 1.5 cikin ɗari na jikin ɗalibi a mako ba.