Tsohuwar Fijo da Ƙaramar Motar Zamani

 Yau hirarmu ta mota ce. Kada ki ce zancen maza ne, gama ke da 'ya'yanki kuke shiga cikinta, kuma man da take sha yakan taɓa kuɗin cefane.

Kin sha jin dattawa suna cewa motar da ƙarfe ce, ta yanzu kuwa gwangwani. Galibi Fijo 504 suke nufi, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Suna da gaskiya ta wani wajen. Cikinta nesa yake da ƙasa, ba ta tsoron ramukan hanyar ƙauye da damina. In ta lalace, makanikin Kwanar Dangora ya buɗe kafireta ya gyara da sifana.

Ƙaramar motar zamani kuwa, irin su Kia Picanto da Toyota Yaris, ta fi tsimin mai ƙwarai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Aibinta shi ne cikinta kusa yake da ƙasa, kuma kwamfuta ke sarrafa injinta, har wata cutar sai an kai ta Kano an jona na'ura.

To, saura zancen gwangwani. Ki sani da gangan maƙera suka yi ta haka. In aka yi karo, gaban motar ya lotse ya shanye ƙarfin bugun, ɗakin fasinja ya tsira. Mota in ta ƙi lotsewa, jikin na ciki ne yake shan bugun. Ƙarfe ana sayen wani, rai fa?

Amma dabarar nan ba ta aiki sai an ɗaura bel, watau ɗamarar kujera mai ratsa ƙirji da ƙugu, wadda kamfanin Volvo ya fito da ita a 1959. Akwai kuma jakar iska a gaba. Takan fito da ƙarfin gaske, tana iya halaka jaririn da ke kan cinyar uwarsa.

Saboda haka, uwargida, in kin je tasha, ki nemi kujerar baya ke da ɗanki, ko da za ki jira mota ta gaba. Motar mutum biyar kada ki yarda a cusa ku tara, balle in za a ratsa dajin Falgore inda taimako yake da nisa. In maigida zai sayi mota, ki tambaye shi ko bel ɗin baya suna aiki. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.