Me ya sa manhajar kiran sallah ke makara a wayar Android?

A Daura, ladan zai kira Magariba har ya gama, sai bayan wasu mintuna wayar da ke ajiye kan tabarma ta farka ta yi nata kiran. Agogonta bai lalace ba. Android ne ya fifita batiri a kan cika lokaci.

A kan Linux aka gina Android. A da, Linux yakan tayar da kwakwalwar na'ura sau 100 zuwa 1,000 a kowace daƙiƙa don ta duba ko akwai aikin da lokacinsa ya yi. Yawan dubawar na sa komai ya zo a kan kari, amma kowane tashi yana shan caji, yana kuma katse aikin da ake ciki. A 2007 aka gyara tsarin, ana barin ta ta yi barci idan babu aiki.

Google ya ƙara a kai. Tun daga Android 4.4 a 2013 ake tara tunatarwar manhajoji a sake su a tare, sannan Android 6 a 2015 ya zo da Doze, mai jinkirta su idan waya ta daɗe a ajiye, fuskarta a kashe, ba a jone da wuta ba. Ga mai biyan kuɗi a shagon caji, cinikin ya yi.

Amma mai azumi ba ya son jira. Daga Android 12 zuwa sama, sai a shiga saituna a kunna wa manhajar izinin “Alarms & reminders”, a kuma cire mata takunkumin batiri. Na tashin sahur kuwa, gara ƙararrawar agogon wayar, don Doze ba ya taɓa ta.