Minti biyar da ke raba riba da asara a ɗakin gwaje-gwaje

Ranar da na fara renon ƙwayoyin halitta, Malamar da ke koya mana ta ce da ni: "Ɗan nan, ka ji tsoron tirifsin fiye da yadda kake tsoron jarabawa." Na yi dariya. Bayan mako uku na daina.

Ƙwayoyin da muke reno su ne Vero, waɗanda aka samo daga ƙodar wani biri na Afirka a Japan a 1962, kuma da su ake haɗa wasu alluran rigakafi, kamar na cizon mahaukacin kare. Suna manne wa gindin kwalbar roba kamar ƙanzo a tukunya. In sun cika kwalbar, dole a ɓamɓaro su a raba a sababbin kwalabe, in ba haka ba su taƙure su mutu.

Nan tirifsin ke shigowa. Sinadari ne da jiki ke narka nama da shi a hanji, aikinsa yanka furotin. Tun 1916 Peyton Rous da abokin aikinsa suka yi amfani da shi wajen saki ƙwayoyi a Amurka. Da farko a tsiyaye ruwan abincinsu, a ɗauraye da ruwan gishiri marar kalsiyam, don ragowar ruwan jinin maraƙi da ke cikin abincin yana kashe kaifin tirifsin. Sai a zuba kaɗan, a sa a akwatin ɗumi mai digiri 37, minti biyu zuwa biyar. Da ka ga sun dunƙule suna yawo a madubin ƙara girma, maza ka zuba sabon abinci ka tsayar da shi.

Ni kuwa waya ce ta shigo daga gida. Da na dawo, kusan minti talatin sun wuce. Tirifsin bai san ya isa ba: ya gama da abin da ke manne su, ya koma cin fatarsu. Washegari yawancinsu sun ƙi kama kwalba. Aikin mako uku ya tafi, ga tsadar kayan da daga waje ake odarsu.

Malama ba ta yi faɗa ba. Agogon ƙararrawa ta miƙo mini. Har yau, in na zuba tirifsin, wayata tana cikin jaka.