Jirgin Jeka-ka-dawo da Yammacin Kano Ke Buƙata

Tun 1911 dogo ya iso Kano, ya biyo ta Zariya da Madobi da Chalawa, kuma a 1930 aka miƙa shi har Nguru. A 2021 aka ƙaddamar da sabbin ayyuka biyu: layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203, da na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kudu da gabas da arewa duk sun samu rabonsu. Yamma kuwa, wato Kabo da Gwarzo da Ƙaraye, ba a taɓa shimfiɗa mata ƙarfe ba.

Mutumin Kabo ko Garo da ke neman abinci a Kantin Kwari, da ɗalibin da ke karatu a sabon mazaunin Jami'ar Bayero, hanyarsu ɗaya ce: titin Gwarzo, ta Rimin Gado da Janguza da Rijiyar Zaki, a shiga gari ta Kabuga. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kafin a fita daga gida. Wasu sun koma kwana a shago, sai ƙarshen mako su leƙa iyali.

Irin waɗannan mutane ba jirgin dogon zango suke buƙata ba. Nasu shi ne na jeka-ka-dawo, mai kwaso jama'a daga garuruwan gefe da sassafe ya mayar da su da yamma. Tashoshinsa kusa da juna suke, yana tashi a kan lokaci ko ya cika ko bai cika ba, kuma kuɗinsa mai sauƙi ne saboda ɗaruruwan mutane ke raba kuɗin tafiya ɗaya. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar taya a kan kwalta, ga shi babu cunkoson da zai tare shi.

Legas ta gwada ta gani. Jirginta na Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, kuma ya bi ta unguwannin da jama'a ke cunkushe kamar Agege da Oshodi. Na Abuja kuwa darasi ne na daban. An buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai a Mayun 2024 ya dawo. Babbar matsalarsa ita ce tashoshin sun yi nisa da gidajen mutane. Jirgin da sai ka hau mota biyu kafin ka iske shi bai rage maka komai ba.

A 2016 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.85 da wani kamfanin Sin don jirgin cikin birni, amma aikin bai tashi ba. Duk ranar da za a shimfiɗa irin wannan layi, titin Gwarzo ya cancanci shiga sahun farko, domin jami'a da barikin Janguza kaɗai sun isa su cika taragai kullum. A fara daga birni zuwa Rimin Gado, ƙananan motoci su riƙa kawo mutanen Kabo da Gwarzo tasha daidai lokacin tashin jirgi, daga baya a ƙara gaba.

Akwai aikin da ba ya jiran bashin waje: keɓe filin da layin zai bi. Gidaje na ta cinye gonaki daga Rijiyar Zaki zuwa yamma, kuma duk ginin da ya tashi yau diyya ce da za a biya gobe. Wannan shi ne abin da ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da 'yan majalisar yankin su haɗa baki su nema tun yanzu.