Shafin Intanet na Ikkilisiya a Bakin Iyaka: Darasi Daga Jibiya

A cikin Luka 14:28 Ubangijinmu ya ba da misalin mai gini wanda yake fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Haka ya kamata bawan Allah ya yi kafin ya buɗe wa ikkilisiya shafin intanet. Za mu ɗauki Jibiya ta jihar Katsina a matsayin misali, domin duk abin da ya yi aiki a bakin iyaka zai yi aiki a wurare masu sauƙi.

Yin bishara da kayan zamani ba baƙon abu ba ne a gare mu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Gidan rediyon ELWA ya fara aiki a Laberiya a 1954, kuma iyayenmu sun saurari shirye-shiryen Muryar Bishara da ake shiryawa a Jos. Sai dai mai wa'azi a rediyo muryarsa kaɗai ake ji. Shafin intanet kuwa yana nuna fuska da suna da wuri, abin da aka sa kuma yana daɗewa.

Domin wa ake gina shafin?

Jibiya tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Daga Magama, matafiyi yakan tsallaka zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Masu bi da ke wannan yanki sun haɗa da 'yan kasuwa, direbobi, da ma'aikatan kwastan da na shige da fice waɗanda aiki ya kawo su. Baƙon da ya sauka daren Asabar abu uku yake nema: ina ake sujada, ƙarfe nawa, da wane harshe. Idan bai ga amsa a fuskar farko ba, shafin bai yi aikinsa ba, komai kyansa.

Hausa ce ta haɗa ɓangarorin biyu, saboda haka ita za ta zo gaba. A bi ta da gajeren bayani da Turanci, da kuma Faransanci domin 'yan'uwa na Nijar. Lambar waya a rubuta ta da 234 a farko, domin mai kira daga Nijar, inda lambobi suke farawa da 227, ya same ku.

A yi shi daidai ƙarfin ƙaramar waya

Yawancin waɗanda za su buɗe shafin da waya za su buɗe shi, da data ta kuɗi kaɗan. Manyan hotuna da bidiyo suna cinye data kafin mutum ya karanta layi ɗaya. Wa'azi na murya mai gajeren lokaci, wanda za a iya saukewa a tura wa wani ta WhatsApp, ya fi amfani, kuma yana kaiwa ga wanda bai iya karatu ba.

Kada kuma ikkilisiya ta jingina da intanet kaɗai. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya. An rufe iyaka a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. A irin wannan lokaci ziyarar dattawa da sanarwar ranar Lahadi su ne suke riƙe garke. Shafi mataimaki ne kawai.

Abin da ba za a sa ba

Nan ne aikin makiyayi ya fi nauyi. A yankin da ake satar mutane domin kuɗin fansa, jerin masu baiko da adadin abin da suka bayar jagora ne ga ɓarawo. Haka ma ranar tafiyar fasto, wurin taron kwana na matasa, da hotunan yara da sunayensu. Shaidar sabon tuba tana ƙarfafa ikkilisiya, amma sa fuskarsa a intanet yana iya raba shi da gida ko da ransa. Kada a sa hoto ko roƙon addu'ar kowa sai da yardarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta tsare wannan hakki.

A kula da harshe kuma. A Janairu 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa. Magana a yau ba ta tsayawa a shingen kwastan. Maƙwabtanmu Musulmi za su karanta shafin, muna kuma so su karanta. Bari su tarar da shaidar Almasihu cikin tawali'u da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta koya mana, ban da zagi ko ba'a.

Wa zai riƙe shi?

Sau da yawa saurayi ɗaya ne yake buɗe shafi da sunansa. Ranar da ya tafi makaranta, sai ya tafi da lambar sirri. Majalisar dattawa ta mallaki shafin da sunan ikkilisiya, mutum biyu amintattu su riƙe lambar sirrin, fasto ya duba kowane rubutu kafin ya fita. A sa kuɗin sabunta sunan shafin na shekara-shekara cikin kasafi. Shafin da yake nuna tsohon lokacin sujada yana ɓatar da baƙo.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa uku baƙo zai fara nema a shafin ikkilisiyarku?
2. Wane abu ne yake kan shafinku a yau wanda zai iya jefa wani cikin haɗari?
3. Idan aka rufe layin waya na wata uku, ta yaya saƙo zai kai ga kowane gida?