Makaɗin Haya a Kiɗan Ska: Rayuwar Rico Rodriguez da Abokin Aikinsa Dick Cuthell

1.0 Gabatarwa

A fagen nazarin waƙa an saba ɗora sunan mawaƙi a gaba, a bar waɗanda suka busa masa ko suka kaɗa masa a baya, tamkar su ba su yi kome ba. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, watau Emmanuel Rodriguez, wanda aka fi sani da Rico, mabushi daga tsibirin Jamaika. Za ta kuma taɓo abokin aikinsa Bature, Dick Cuthell, wanda ya haɗa busa da tsara faifai. Manufa ita ce a fito da matsayin makaɗin haya, watau wanda ake ɗauka ya yi kiɗa a faifan wani, a sallame shi nan take ya kama gabansa.

2.0 Asalin Kiɗan Ska

A shekarun 1950 talakawan birnin Kingston ba su da halin shiga manyan otal-otal inda ƙungiyoyin makaɗa suke wasa. Nishaɗinsu ya dogara ne ga masu manyan na'urorin amsa-kuwwa, waɗanda kan kafa su a fili su riƙa sa faya-fayen baƙaƙen Amurka ana rawa. Fitattu daga cikinsu su ne Duke Reid da Clement Dodd, wanda ake kira Coxsone, sai kuma Prince Buster daga baya. Gasa ta yi tsanani a tsakaninsu, domin kowa yana neman faifan da abokin hamayyarsa ba shi da shi. Da irin kiɗan da jama'a suke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai suka shiga tara makaɗan gida suna ɗaukar nasu.

Daga nan ne ska ya tsiro. Abin da ya bambanta shi da kiɗan da ya haife shi shi ne wurin da nauyin kari yake faɗawa. Jita da piyano ba sa bin bugun ganga kai tsaye, sai su faɗa a tsakanin bugu da bugu, abin da ke sa kiɗan ya yi kamar yana tsalle. A bisa wannan shimfiɗa ne mabusa suke ɗora amonsu, su fara tare da murya ɗaya, sa'an nan kowa ya sami zagonsa ya nuna gwaninta.

3.0 Tasowar Rico

An haifi Rico a shekarar 1934, ya kuma tashi a Kingston. Ya yi karatu a makarantar maza ta Alpha, wadda mata masu zaman zuhudu na ɗariƙar Katolika suke gudanarwa domin marayu da yaran da suka gagari iyayensu. Makarantar ta shahara wajen koyar da busa da karanta rubutun kiɗa, kuma daga cikinta ne Tommy McCook da Lester Sterling da Don Drummond suka fito. Drummond, wanda ya ɗan girme shi, shi ne ya koya wa Rico turumbon, wani ƙahon tagulla mai dogon hannu da ake turawa gaba a janyo baya domin sauya sauti.

Bayan makaranta Rico ya zauna a tsaunukan Wareika tare da jama'ar Rastafari ta makaɗin ganga Count Ossie. A can ya saba da yin busa a kan gangunan da salonsu ke da tushe a Afirka, ba tare da takarda ba. Saboda haka ya tashi da tarbiyya biyu: ƙa'idar makaranta da sakin jiki na dandali.

4.0 Halin Makaɗin Haya

A ƙarshen shekarun 1950 Rico ya zama ɗaya daga cikin mabusan da masu faifai suke rububi. Yana cikin waɗanda suka yi aikin "Easy Snappin'" na Theophilus Beckford, faifan da ake lissafawa cikin na farko-farkon wannan salo. Ya yi wa Dodd aiki, ya yi wa Reid, ya yi wa Prince Buster da Vincent Chin.

Aikin yana da wuya. A lokacin ana ɗaukar makaɗa da mawaƙi ne gaba ɗaya a lokaci guda, don haka in mutum ɗaya ya yi kuskure sai a koma farko. Sau da yawa mawaƙi kan zo da baitoci da ɗan karin murya kurum, makaɗan ne za su gina masa sauran nan take. Duk da haka ladansu ba ya wuce abin da aka ba su a ranar. Mai faifai shi ke riƙe da mallaka, ko da an sayar da dubbai, kuma sau da yawa sunansa ne ake bugawa a matsayin sunan ƙungiyar. Jamaika ba ta sami dokar haƙƙin mallaka irin ta zamani ba sai a 1993. Ashe kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

5.0 Ƙaura Zuwa Ingila

A 1961 Rico ya bi sahun dubban 'yan ƙasarsa zuwa Ingila, gab da dokar 1962 wadda ta ƙuntata shigar mutanen ƙasashen renon Ingila. Wannan tafiya ta sa bai ga bikin 'yancin Jamaika na ran 6 ga Agusta 1962 a gida ba, bai kuma shiga ƙungiyar Skatalites da abokansa suka kafa a 1964 ba. A Landan ya ci gaba da aikin haya a gidajen rawa da ɗakunan ɗaukar sauti. A 1967 ya yi busa a waƙar Dandy Livingstone mai suna "Rudy, A Message to You", wadda ke yi wa matasa 'yan tauri nasiha.

Amma tun daga 1966 ska ya fara ja da baya. Salon da ya gaje shi ya rage sauri, ya fifita murya da jitar bes, sa'an nan rege ya biyo baya wajen 1968. Kasuwar mabusa ta ragu, Rico kuma ya sha fama da rashin tsayayyen aiki.

6.0 Haɗuwa da Dick Cuthell

Sauyi ya zo masa ta hannun kamfanin Island na Chris Blackwell, wanda ya ɗauki nauyin kundinsa "Man from Wareika". An yi aikinsa a 1976, mafi yawansa a Kingston, tare da makaɗa irin su Sly Dunbar da Robbie Shakespeare. Kundin busa ne, kuma a nan ne tarbiyyar nan biyu ta bayyana sarai. A wannan zamani ne ya haɗu da Dick Cuthell, injiniyan sauti a kamfanin, wanda kuma yake busa turamfet da fulugelhon, wani ƙaho mai kama da bigila amma mai taushin amo. Kaurin turumbon da zaƙin ƙahon Cuthell suka dace da juna, har suka zama tamkar ɗan juma da ɗan jummai.

7.0 Zamanin 2 Tone

A 1979 Jerry Dammers ya kafa kamfanin 2 Tone a birnin Coventry. Ƙungiyarsa, The Specials, ta haɗa matasa farare da baƙaƙe a daidai lokacin da masu ƙyamar baƙi suke zanga-zanga a titunan Ingila. Da suka tashi sabunta waƙar Livingstone, sai suka nemo mutumin da ya busa ta ta asali shekara 12 da suka wuce. Wannan karon an rubuta sunan Rico a jikin faifai, waƙar kuma ta kai matsayi na 10 a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila.

A 1981 ƙungiyar ta fitar da "Ghost Town", mai bayanin rashin aikin yi da mutuwar birane. Ta yi mako uku a matsayi na ɗaya a watan Yuli, daidai lokacin da tarzoma ta ɓarke a biranen Ingila da dama. Amon Cuthell yana ciki, doguwar busar Rico kuwa tana cikin dogon faifan waƙar. Kamfanin ya kuma fitar wa Rico kundi biyu, "That Man Is Forward" a 1981 da "Jama Rico" a 1982, waɗanda Cuthell ya sa hannu wajen tsara su. Aikin mai tsarawa shi ne zaɓen makaɗa, da yanke shawarar wace ɗauka ce ta fi, da daidaita ƙarfin kowane sauti. Da yake Cuthell mabushi ne, ya san inda ya kamata a bar wa ƙaho fili. Daga baya ya yi busa a waƙar "Nelson Mandela" ta 1984, ya kuma yi aiki da ƙungiyoyin Eurythmics da The Pogues.

8.0 Ƙarshen Rayuwa

Rico ya koma Jamaika ya yi wasu shekaru a cikin shekarun 1980, sa'an nan ya dawo Ingila. Daga 1996 zuwa 2012 yana cikin babbar ƙungiyar Jools Holland. A 2007 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girmamawa ta MBE, a 2012 kuma Jamaika ta ba shi lambar azurfa ta Musgrave. Ya rasu a Landan ran 4 ga Satumba 2015 yana da shekara 80.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa salon kiɗa ba mawaƙi kaɗai ke ƙirƙirarsa ba, kuma ba shi kaɗai ke ɗauke da shi daga wannan zamani zuwa wancan ba. Matasan Coventry sun san ska ne daga tsofaffin faya-faye, amma a bakin Rico suka ji yadda ake busa shi. Girmamawa ta zo masa bayan ya haura shekara 70, alhali da yawa daga cikin abokansa na Kingston sun rasu ba su ci moriyar aikinsu ba. Wajibi ne ga mai nazarin waƙa, in ya rubuta sunan mawaƙi, ya bincika su wane ne suka tsaya a bayansa, ya rubuta nasu su ma.