Lambar da ba ta rabuwa

A Kelle, cikin ƙasar Kutus ta yankin Gure, manomin da ya tara damin hatsi 12 yana iya raba su daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. In dami 13 ne kuwa, sai ya ba mutum guda duka, ko ya ba mutum 13 ɗaya ɗaya. In ba haka ba, tilas a samu saura. Irin wannan lamba ita ce marar rabuwa. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11 da 13, kuma duk sauran lambobin da suka wuce 1 ana samun su ne ta riɓa waɗannan da ire-irensu.

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin lissafi Yukilid ya nuna cewa ba su da ta ƙarshe. A ɗauki 2, 3 da 5, a riɓa su, a samu 30, a ƙara 1. Ko da wace daga cikin ukun aka raba 31, sai 1 ya rage. Kome yawan waɗanda aka tara, in aka yi haka, sabuwa za ta fito.

Gano manyansu shi ne wuya. Hanyar da masu bincike suka fi bi tana ɗauke da sunan Mersenne, malamin Faransa da ya rasu a 1648: a riɓa 2 da kanta sau da yawa, a cire 1. Da haka ake samun 3, 7, 31 da 127. Amma hanyar ba ta cin nasara kullum. In aka jera 2 guda 11 aka riɓa, aka cire 1, ana samun 2047, wadda ita ce 23 sau 89.

A 1876, Edouard Lucas ya tabbatar da wata mai alƙalami 39 ba tare da na'ura ba. A watan Oktoba na 2024, Luke Durant, ɗan Amurka, ya yi aiki da dubban kwamfutoci ya gano wadda ta fi duk na bayanta girma: 2 guda 136 279 841 a riɓe, a cire 1. Alƙalumanta 41 024 320 ne. Mai rubuta alƙalami guda kowace daƙiƙa, dare da rana ba hutu, sai ya yi kusan kwana 475 kafin ya gama.

Amfanin waɗannan lambobi ya kai har aljihun talaka. Riɓa manya biyu abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma gano su daga sakamakon yana da wuyar gaske. A kan wannan aka gina wata dabarar kulle saƙo a 1977, wadda bankuna suka ɗauka don tsare asirin kuɗin jama'a a intanet. Wanda ya iya rabon dami 13 a ajin yaƙi da jahilci ya riga ya san tushen wannan makulli.